Martani: Tuffar Kanti Ba Ta Fi Gwaibar Lambu Ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanan baya a kan yadda ake zaɓen kayan marmari, inda ya ɗauki buluberi ya kafa misali da shi. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, buluberi wasu ƙananan 'ya'ya ne shuɗaye masu duhu, ba su kai ɗinya girma ba, ana sayar da su cikin ɗan mazubin roba a manyan kantunan Abuja da Legas da Kano. Malam ya bi abin dalla-dalla: a zaɓi mai ɗan farin hazo a jiki, a guji mai ja-ja a gindi don bai nuna ba, a juya mazubin a leƙa ƙasansa ko ruwa ya tsattsafo ko fumfuna ta kama. Duk wannan gaskiya ne, ban da ja a kai.

Da a nan ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Sai ya zarce ya yanke hukunci cewa kayan da ake shigowa da su daga waje sun fi na gida tsabta da amfani a jiki, har ya ce magidancin da yake son iyalinsa da lafiya gara ya sayi kaɗan daga na kanti da ya cika leda da na kan tire. Wannan hukuncin ne ban yarda da shi ba. Ni mutumin Boko ne, a ƙaramar hukumar Kusada, Kankiya kuma ita ce birninmu na kusa. Magana irin wannan idan ta fito daga bakin mai ilimi ba ta tsayawa a birni. Tana isowa har ƙauye, ta zauna a zukatan mutanen da aljihunsu bai kai can ba, su fara kallon abin da ke bayan gidansu da ido na raini.

Mu fara da shi buluberin. Asalinsa ɗan daji ne a Arewacin Amurka. A farkon ƙarni na 20 wani masanin tsirrai na gwamnatin Amurka, Frederick Coville, ya gano cewa ba ya yi sai a ƙasa mai tsami sosai. Ya haɗa kai da wata 'yar manomi a jihar New Jersey mai suna Elizabeth White, suka zaɓo iri masu kyau daga daji, suka kai amfanin farko kasuwa a 1916. Yau ƙasar Peru ce kan gaba wajen fitar da shi, a Afirka kuma Maroko da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe suna nomansa, galibi don kasuwannin Turai. Yana da halaye biyu da Malam bai tsaya a kansu ba. Da zarar an tsinke shi, zaƙinsa ya tsaya ke nan, ba ya ƙara nuna a ajiye yadda ayaba take yi. Kuma ba ya jure zafi ko kaɗan, sai ya zauna cikin sanyi dab da na ƙanƙara tun daga gona har ya isa hannun mai saye. A Turai wannan sanyin ba ya yankewa. A nan kuwa wuta takan ɗauke, janareta a kashe shi da dare saboda tsadar mai, mota ta yi awoyi a rana tana jiran a sauke kaya. Shi ya sa rabin dabarun da Malam ya lissafa, idan aka lura, dabaru ne na gano wanda hanya ta riga ta cinye.

Gaskiyar magana ma, ba buluberi ne yake zuwa mana ba. Abin da yake isowa Kankiya da Yashe da Gidan Mutum Ɗaya shi ne tuffa, sai inabi jefi-jefi. Yawancin tuffar nan daga Afirka ta Kudu take, daga yankin Western Cape, inda ake girbinta tsakanin Janairu da Mayu, wata kuma daga Faransa. Amma a kan tire ba ta yankewa duk shekara, domin ana adana ta watanni a manyan ɗakunan sanyi da aka rage musu iskar oksijin don ta daina nuna. Daga nan ta hau jirgin ruwa zuwa Legas, ta hau mota zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, 'yan sari su biyo da ita ta Bichi da Tsanyawa, ta zo ta zauna a bakin titi tana shan rana da ƙurar motoci. Sheƙin da ke ɗaukar ido a jikinta sau da yawa kaki ne da ake shafa mata a wurin shirya kaya. Ba guba ba ne, ban ce kuma kada a ci ba. Abin da nake cewa shi ne, gwaibar da aka tsinko da hantsi a lambun fadama aka kawo kasuwa kafin azahar, ba daidai ba ne a ce tuffar da ta yi wata da watanni da barin uwarta ta fi ta sabunta.

Batun amfani a jiki kuwa akwai ma'auni, kuma ma'aunin na Turawan ne da kansu. A teburin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, giram 100 na buluberi yana ɗauke da bitamin C kusan miligiram 10. Tuffa ba ta kai 5 ba. Mangwaro yana da kimanin 36, lemon zaƙi sama da 50, gwanda wajen 60, gwaiba kuwa ta haura 200. Mazubin buluberi da aka saba gani giram 125 ne, ke nan gwaiba ɗaya matsakaiciya ta ninka mazubin gaba ɗaya wajen sau goma a wannan sinadarin. Ga kuma bitamin A, wanda rashinsa yake jawo dundumi yake kuma raunana jikin yara a gaban ƙyanda da gudawa. Mangwaro da gwanda suna da shi sosai, tuffa kusan babu. A jiha irin Katsina, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take fama da yaran da tamowa ta kama shekara da shekaru, ba ƙaramin abu ba ne a gaya wa uba ya bar mangwaro ya kama tuffa.

Malam zai ce buluberi ya shahara ne da wani sinadari daban, wanda ake kira antosiyanin, mai ba shi launinsa. Haka ne, kuma ɗan itace ne mai amfani, ba na musu. To amma wannan dangin sinadarin ne yake ba zoɓo jan launinsa. Zoɓon da matanmu suke shukawa a kan iyakar gona, wanda 'yan kasuwa suke tarawa daga Jigawa da Kano da Katsina a cika kwantena a kai Meziko, inda ake shan sa kamar yadda muke sha. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna shan ruwan zoɓo kullum yana ɗan sauke hawan jini ga waɗanda nasu ya fara hawa. Aibinmu kawai shi ne sukarin da muke ɗura masa. Haka kuma garin 'ya'yan kuka, wanda ake yin kwalba da nono da shi, Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi a matsayin abinci a 2008, Amurka ta biyo baya a 2009, yanzu yana cikin ƙananan fakiti a kantunan masu kula da lafiya a Landan, ana tallarsa da yawan bitamin C. Ɗanya da yaranmu suke tsotsa su yar da ƙwallon, ita ce a kudancin Afirka ake tatsar mai daga ƙwallonta ana sayar wa kamfanonin man shafawa. Abin yana yi mini ciwo, a ce masu buluberin suna aiko kuɗi suna neman kukarmu da zoɓonmu, mu kuma masu karatunmu suna koya wa jama'a cewa lafiya tana cikin mazubin roba.

Inda Malam yake da hujja mai ƙarfi shi ne tsabta, kuma ba zan rufe ido a kai ba. Akwai 'yan kasuwar da suke nunar da mangwaro da ayaba da kabayid, wannan farin dutse na masu walda, don su riga kowa shiga kasuwa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, domin yakan zo da gurɓataccen sinadari mai cutarwa irin su arsenik. Akwai yankakkiyar kankana da gwanda da ake bari a buɗe ƙuda suna sauka suna tashi. Akwai ruwan bokiti ɗaya da ake wanke kaya da shi tun safe har yamma. Akwai kuma masu feshin magani a lambu yau su tsinko gobe. Mun ga abin da sakaci irin wannan ya jawo wa wakenmu, wanda Tarayyar Turai ta hana shiga ƙasashenta a 2015 saboda yawan maganin ƙwari. Duk wannan laifinmu ne, kuma ya cancanci a yi ta faɗa.

Sai dai maganin da ya rubuta bai dace da cutar ba. Tuffar da ta iso tire, hannu ɗaya ne yake taɓa ta da lemo, ruwa ɗaya ake yayyafa musu, ƙura ɗaya suke sha. Kuma gonakin can ma ana feshi. Ƙungiyar EWG ta Amurka, mai fitar da jerin kayan gona goma sha biyu da aka fi samun ragowar maganin ƙwari a jikinsu, ta daɗe tana sa tuffa da inabi, a 2023 kuma ta ƙara buluberi. Galibi ragowar ba ta wuce iyakar da doka ta amince ba, amma dai ya isa ya nuna cewa zuwa daga ƙetare ba takardar shaidar tsarki ba ce. Abin da na gida ya fi na waje da shi a nan shi ne kana iya sanin mai shi. Ka san lambun, ka san wanda ya yi ban-ruwa, idan ya cuce ka za ku haɗu a masallaci ko a wurin ɗaurin aure.

Da Malam ya ba kayanmu rabin kulawar da ya ba buluberi, da ya amfani mutane da yawa. Mangwaron kabayid ba ya ɓuya ga wanda ya san shi. Bayansa rawaya ne bai-ɗaya, wani lokaci da baƙaƙen tabo, amma ba shi da ƙamshi, cikinsa da tauri da tsami, ruwansa kaɗan. Wanda ya nuna a kan uwarsa kuwa, kai hancinka wajen maƙallinsa za ka ji shi, launinsa kuma ba ya zama iri ɗaya ko'ina. Sannan a san lokaci: mangwaron ƙasarmu na bazara ne, wanda ya riga lokacinsa a tambayi daga ina ya fito. Kankana a duba gefen da ya kwanta a ƙasa, idan ya yi rawaya ta ƙosa, idan fari ne an yi mata gaggawa. Lemo a auna shi a tafin hannu, mai nauyi shi ne mai ruwa, koren bayansa kuma ba alamar ɗanye ba ne, haka lemon ƙasashen zafi yake. Magarya da kanya a duba ƙananan huji na tsutsa. A sayi abu ɗungurungum a yanka a gida, a wanke da ruwa mai kyau. Wannan ilimi iyayenmu mata suna da shi, rubuta shi ne ba a yi.

Sai kuɗi, wanda rubutun Malam ya wuce shi kamar ba komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyaye a kowace rana. Gida mai mutum goma, wanda a wajenmu ba babban gida ba ne, yana buƙatar abin da ya tasam ma kilo 4 ke nan. Ko da rabi ganye ne, zogale da rama da alayyahu, sauran rabin ya kama mazubin buluberi 16 a yini. Wane albashi ne zai ɗauki wannan? Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 'yan watanni, duk abin da ya hau jirgin ruwa ya bi ta. Shawarar a sayi kaɗan mai tsada, fassararta a gidan talaka ita ce tuffa ɗaya a yanka gida shida ranar Juma'a, sauran kwana shida babu. Da kuɗin nan aka sayi kashin gwaiba ko mangwaro a lokacinsa, kowane yaro zai riƙe nasa. Kuma kuɗin zai kwana a garin, a hannun mai lambu, da mai kura, da dattijuwar da take auna tsamiya da goruba a gwangwani tana sayen sabulu da omo.

Akwai wani abu da na fi jin tsoro fiye da lissafin kuɗi. Mun fara jin kunyar namu. Mutum zai je dubiya asibiti, ya ga idan bai riƙo tuffa ba kamar bai zo ba, alhali gwanda ko lemo sun fi amfanar maras lafiyan. Yaro ɗan makarantar kuɗi zai ɓoye aduwa a aljihu kada a yi masa dariya. Yara da yawa a Kankiya yau sun san sunan inabi amma ba za su bambance taura da tsada ba, ba su taɓa lasar maɗin ɗinya ba. Abin da mutane suka daina so kuwa, ba sa hana a sare shi.

Kada a ɗauka ina ƙin baƙon abu ne. Bahaushe ɗan fatauci ne tun fil azal, goron Gwanja ya ci, dabinon Agadas da Bilma ya ci, wanda ya dawo daga aikin Hajji kuma ajwa yake rabawa muna karɓa da murna. Mangwaron da nake karewa ma asalinsa daga yankin Indiya yake, gwanda da gwaiba da kashu daga nahiyar Amurka. Bambancin shi ne waɗanda suka gabace mu itacen suka karɓa suka dasa, har ya zama namu, ba 'ya'yan suka zauna suna saye kowace shekara ba. Peru ma abin da ta yi ke nan. Kafin 2010 kusan ba ta fitar da buluberi, sai ta kawo iri, ta ja ruwa zuwa hamadar gaɓar tekunta, cikin shekara goma ta zama ta ɗaya. A nan gida manoman tsaunin Jos suna noman sitiroberi suna kai wa Abuja. Buluberi ba zai so ƙasar Boko da zafinta ba, amma akwai abin da zai so su.

A Nijar, cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa dabarar aurar da magaryar gida da wani iri na Indiya. Saiwar tamu ce mai jure fari, 'ya'yan kuwa manya ne masu ruwa, har ake kiransu tuffar Sahel. Magarya ba ta buƙatar fadama, tana nan birjik a gonakin Kusada ana sassabe ta kowace bazara. A yankin Maraɗi, tun daga 1983 Tony Rinaudo da manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna yi masa gyaran reshe maimakon a ƙone shi, kuma an ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Mu kuwa Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Kusada a farkon 1851 a hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, ya yaba da kyawun ƙasar da yawan itatuwanta. Duk wanda ya bi hanyar nan yau zai ga buhunan gawayi a jere a bakin titi, a cikinsu akwai kanya da ɗorawa da tsamiya waɗanda suka fi masu sarar su shekaru. Ban ɗora laifin duka a kan mai gatari ba, tsadar gas da kananzir ce ta tura shi, amma ɗorawa ɗaya tana ba gida kalwa da gari shekara da shekaru, gawayinta kuwa kuɗin mako ne.

Ɗaya matsalar ita ce ajiya. A Afrilu da Mayu mangwaro yakan yi yawa har ya ruɓe a gindin bishiya, wata biyu bayan haka babu ko ɗaya. Wannan giɓin ne tuffa take cikewa, kuma shi ne ainihin abin da ta fi mu da shi: masu ita sun iya adanawa. A Burkina Faso, wajen Bobo-Dioulasso da Banfora, ƙungiyoyin mata suna yanka mangwaro suna busarwa ana fitarwa Turai. Mu da muka iya busar da tumatir da kuɓewa da tattasai, wannan ba zai gagare mu ba, in dai an samu wurin shanya mai rufi da ƙura da ƙuda ba sa shiga. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya karɓi lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda take riƙe kayan lambu kwanaki ba tare da lantarki ba. Magina tukwane suna nan a ƙauyukanmu, yashi kuma ba a sayensa.

Ga Malam, ina roƙon ya sake duba hukuncinsa. Wanda Allah ya hore wa ya sayi buluberinsa ya ci, ya bi dabarun da aka koya masa, babu laifi. Amma a daina gaya wa sauran jama'a cewa shi ne ma'aunin son iyali. Ga shugabannin ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya kuma, Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, akwai ƙofar neman dashe. A nemo mangwaro ɗan aure da gwaiba da magarya 'yar aure maimakon darbejiya kaɗai, a raba a farkon damina ba a ƙarshenta ba, a koya wa matasa biyu ko uku a kowace mazaɓa yadda ake aurar da itace. A haɗa kowane dashe da abin kange shi, domin yawancin dashen da ake rabawa a nan ba fari ne yake kashe shi ba, awaki ne suke cinye shi a kakar farko da aka saki dabbobi.